Yadda Kwamfuta Take Tambayar Lokaci: Bayanin Ƙa'idar NTP da Matsalar Keɓaɓɓun Kalmominta a Hausa

1.0 Gabatarwa

A cikin tambayoyin da Bahaushe yake yi yau da kullum, da wuya a sami wadda ta fi "ƙarfe nawa?" sauƙi. Wanda aka tambaya yakan dubi agogonsa ya faɗa, magana ta ƙare. Amma idan mai tambayar kwamfuta ce da ke wani ofishi a Abuja, wadda aka tambaya kuwa wata na'ura ce da ke Legas ko wata ƙasa ta Turai, to, lamarin ya wuce haka, domin kafin amsa ta iso, lokacin da aka faɗa ya riga ya wuce. Saboda haka tilas mai tambaya ya san tsawon zaman da amsar ta yi a kan hanya, ya kuma san ko agogon da aka duba abin dogaro ne.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin yadda mai rubuta manhaja yake sa kwamfuta ta nemo lokacin da ake ciki daga wata na'ura ta musamman a intanet, ta amfani da ƙa'idar da ake kira NTP. Dalilai biyu suka sa batun ya dace da masu nazarin harshe. Na farko, ayyukan da suka shafi rayuwar masu jin Hausa, kamar tura kuɗi ta banki da jarrabawa da tattara sakamakon zaɓe, sun dogara a yanzu kan hatimin lokacin da na'ura take bugawa. Na biyu, amsar da na'urar take samu lamba ce tsagwaronta, kuma mayar da wannan lamba zuwa "ƙarfe biyu da rabi na rana" aiki ne na harshe, wanda yake buƙatar tsayayyun kalmomi. Za a fara da ƙidayar lokaci a Hausa da tarihin agogon Nijeriya, sannan a yi bayanin ƙa'idar kanta, daga ƙarshe a duba matsalar kalmomi.

2.0 Lokaci a Hausa da Agogon Nijeriya

2.1 Kalmomin lokaci

Kafin zuwan agogo, Hausawa suna raba yini da dare bisa tafiyar rana da lokutan salla. Akwai asuba da sassafe da hantsi da walaha da tsakar rana da azahar da la'asar da la'asar sakaliya da almuru da magariba da lisha da tsakar dare da talatainin dare. Kowane ɗaya daga cikinsu tazara ce mai faɗi, ba a iya cewa ga ƙiftawar da hantsi ya ƙare walaha ta shiga. Wannan bai zama aibu ba, domin noma da kasuwa da fatauci ba su buƙaci abin da ya fi haka ƙanƙanta ba.

Kalmomin awon lokaci kuwa kusan dukkansu na aro ne. "Lokaci" da "sa'a" da "daƙiƙa" daga Larabci suke, "awa" da "minti" da "sakan" daga Ingilishi, "agogo" kuma daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa. Kalmar "ƙarfe" ta gida ce, aka faɗaɗa ma'anarta, kuma ana danganta hakan da ƙarfen da ake bugawa a bariki da makaranta da wuraren aiki a zamanin Turawa don a sanar da sa'a. Wato ke nan, tun farkon shigar agogo ƙasar Hausa, lokaci abu ne da wata cibiya take sanarwa, saura kuma su saita kansu da ita. Gidajen rediyo sun gaji wannan aiki. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, da sauran takwarorinsa sun sabar wa masu sauraro da jin "agogon GMT" da "agogon Nijeriya da Nijar". A nan kalmar "agogo" ta sake samun sabuwar ma'ana, wato lokacin da wani yanki na duniya ya amince ya bi.

2.2 Agogon hukuma

A taron da aka yi a Washintan a 1884 aka amince da layin da ya ratsa Girinwic a Ingila a matsayin mafarin awon gabas da yamma. Da yake duniya tana juya digiri 360 cikin sa'a 24, kowane digiri ɗaya daidai yake da minti 4. Lokacin rana na Legas ya riga na Girinwic da minti 13 da daƙiƙa 35. A 1914 aka tsayar da agogon Nijeriya a kan rabin sa'a gaba da Girinwic, sannan daga 1 ga Satumba 1919 aka mayar da shi sa'a guda cur. A kan wannan ake har yau, kuma shi ne agogon Nijar da Kamaru da Cadi da Binin. Gana kuwa tana bin agogon Girinwic.

Layin da ya dace da sa'a guda cur shi ne digiri 15 gabas, wanda ya bi ta kusa da Injamena. Abuja, wadda ta zama mazaunin gwamnatin tarayya a 12 ga Disamba 1991, tana wajen digiri 7 da rabi ne. Ma'anar wannan ita ce agogon bango a Abuja ya riga matsakaicin lokacin rana na garin da kimanin minti 30. Sakkwato tana wajen digiri 5, Maiduguri kuma wajen digiri 13, saboda haka rana takan yi tsaka a Maiduguri kimanin rabin sa'a kafin Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya. Abin lura a nan shi ne lokacin agogo yarjejeniya ce ta mutane, kuma wannan yarjejeniya ce kwamfuta take nema idan ta yi tambaya.

A yau ma'aunin duniya shi ne wanda ake kira UTC. Tun 1967 aka daina auna daƙiƙa da juyin duniya, aka koma ƙirga girgizar ƙwayar zarra ta sinadarin siziyam, sau 9,192,631,770 a kowace daƙiƙa. Hukumar awo ta duniya da ke Sebur kusa da Faris ita take tattara rahoton ɗaruruwan agogunan zarra na ƙasashe daban-daban ta fitar da UTC. Agogon Nijeriya shi ne UTC da ƙarin sa'a guda.

3.0 Dalilin Tambaya

A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin agogo mai aiki da dutsen kwaz, wanda akasari yake girgiza sau 32,768 a daƙiƙa, da ɗan batir mai kama da sulalla da yake riƙe shi idan an kashe wuta. Wannan agogo yana zamewa. Zafi da sanyi da tsufa suna sauya saurin girgizar dutsen. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda ba baƙon abu ba ne ga irin wannan dutse, yana haifar da saɓanin daƙiƙa 1.7 a yini, wato kusan minti guda a wata. Idan kuwa batirin ya mutu, aka kuma ɗauke wuta, na'urar takan farka da kwanan wata na shekaru da dama da suka wuce.

Illar wannan tana da yawa. Shafukan banki da na hukuma suna gabatar da takardar shaida mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma na'urar da agogonta ya ɓata za ta ƙi amincewa da ingantacciyar takarda. Lambobin sirri da wasu manhajojin tsaro suke fitarwa suna sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma ba sa aiki sai agogon waya da na cibiyar sun zo ɗaya. A tsarin shiga na Kerberos, wanda manyan ofisoshi suke amfani da shi, saɓanin da ya wuce minti 5 yakan hana ma'aikaci shiga. Hukumar JAMB, mai hedikwata a Bwari, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Hukumar zaɓe ta INEC ta yi amfani da na'urar BVAS wajen tantance masu zaɓe da ɗaukar hoton takardar sakamako a zaɓen 2023. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta cewa kafin kotu ta karɓi bayanin da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin. A duk waɗannan wurare ana iya tambayar wane abu ya riga wane, kuma amsar ba ta da ƙarfi idan agogunan na'urorin ba su daidaita ba.

4.0 Ƙa'idar NTP

4.1 Asali

A 1983 aka wallafa ƙa'idoji biyu masu sauƙi, RFC 867 da RFC 868. A ta farko, na'urar da aka tambaya takan amsa da rubutaccen kwanan wata da sa'a. A ta biyu, takan amsa da yawan daƙiƙoƙin da suka wuce tun daga farkon 1900. Dukkansu ba su kula da jinkirin hanya ba. Wannan giɓi ne Debid Mils, malami a Jami'ar Delawe ta Amurka, ya cike da ƙa'idar NTP, wadda aka fara bayyanawa a RFC 958 a 1985. Siga ta uku ta fito a 1992, ta huɗu kuma, wadda ake aiki da ita yanzu, a 2010 cikin RFC 5905. Mils ya rasu a Janairun 2024, bayan ya shafe shekaru da dama yana kula da wannan aiki. Akwai kuma sassauƙar siga mai suna SNTP, mai amfani da irin saƙon nan ɗaya amma ba tare da doguwar tantancewa ba. Ita ce akasarin masu rubuta ƙananan manhajoji suke bi.

4.2 Hawa-hawa

An tsara na'urorin ba da lokaci hawa-hawa, kamar yadda labari yake saukowa daga ganau zuwa jiyau. Hawa na 0 shi ne agogon asali, kamar agogon zarra ko na'urar karɓar saƙon taurarin GPS. Hawa na 1 kwamfuta ce da aka haɗa kai tsaye da wannan agogo. Hawa na 2 yana samu daga na 1, haka nan har zuwa hawa na 15. Lamba 16 alama ce cewa na'urar ba ta daidaita da kowa ba, kada a amince da ita. Kowace amsa tana ɗauke da lambar hawan mai amsawa, don mai tambaya ya san nisansa da tushe.

A 2003 aka kafa wani gungu na masu sa kai mai suna pool.ntp.org, wanda ya ƙunshi dubban na'urori a sassan duniya. An raba shi bisa nahiya da ƙasa, saboda haka akwai africa.pool.ntp.org da ng.pool.ntp.org. Manyan kamfanoni ma suna da nasu, kamar time.windows.com da time.apple.com da time.google.com.

4.3 Rubuta umarnin tambaya

Saƙon NTP ɗan ƙaramin ƙunshi ne mai bayit 48, kowane bayit kuma yana da bit 8, wato gurabe takwas da ake cikawa da 0 ko 1. Ana aika shi ta hanyar UDP, wadda ba ta buƙatar a ƙulla doguwar hulɗa kafin magana, zuwa ƙofa mai lamba 123. Ko da wane harshen umarni aka rubuta manhajar, matakan su ne kamar haka:

(1) A nemo adireshin lamba na na'urar da za a tambaya daga sunanta.
(2) A shirya ƙunshi mai bayit 48, a cika shi da sifili.
(3) A sa 35 a bayit na farko.
(4) A duba agogon gida, a rubuta lokacin a gurbin aikawa, a adana kwafinsa.
(5) A aika, a jira amsa na 'yan daƙiƙoƙi kawai.
(6) Da isowar amsa, a sake duba agogon gida.
(7) A tantance amsar, a ciro lokutan da ke cikinta, a yi lissafi.

Lamba 35 ta mataki na (3) tana buƙatar bayani. Idan aka rubuta ta da bit, za ta zama 00100011. Bit biyu na farko, 00, gurbin gargaɗi ne. Uku na tsakiya, 100, suna nufin siga ta 4. Uku na ƙarshe, 011, suna nufin matsayi na 3, wato mai tambaya. Mai amsawa yakan sa matsayi na 4. A tsofaffin manhajoji akan ga 27 a wannan gurbi, wadda take nufin siga ta 3. Mataki na (5) shi ma yana da muhimmanci, domin hanyar UDP ba ta ba da tabbacin isar saƙo, kuma manhajar da ba a sa mata iyakar jira ba tana iya sandarewa.

A cikin amsa, idan aka fara ƙirga daga sifili, bayit na 24 zuwa 31 suna maido da lokacin da mai tambaya ya rubuta, na 32 zuwa 39 suna ɗauke da lokacin da tambaya ta isa, na 40 zuwa 47 kuma lokacin da amsa ta tashi. Kowane hatimi yana da kashi biyu: bit 32 na cikakkun daƙiƙoƙi tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1900, da bit 32 na ɓurɓushin daƙiƙa. Su kuwa kwamfutoci masu bin tsarin Unix suna fara tasu ƙidayar daga 1 ga Janairu 1970. Tsakanin mafarin biyu akwai shekara 70, wato kwana 25,567, ko daƙiƙa 2,208,988,800. Saboda haka ake cire wannan adadi. Misali:

(8) Lambar da ta zo: 3,944,678,400
(9) Bayan cirewa: 1,735,689,600
(10) Ma'ana: tsakar daren shiga 1 ga Janairu 2025 a agogon UTC, wato ƙarfe ɗaya na dare a Abuja.

A harshen umarni na Python, ana iya yin duk wannan cikin layuka kaɗan da kayan aiki biyu, socket don aikawa da karɓa, struct kuma don warware bayit zuwa lamba. Akwai kuma shiryayyen kundi mai suna ntplib da yake ɗauke wa mai rubutu wannan wahala.

4.4 Lissafin jinkiri da saɓani

Hikimar ƙa'idar tana cikin lokuta huɗu da ake tarawa. A ɗauka an aiki yaro daga wani gida a Garki ya dubo agogon wani ofishi a Wuse. Ya tashi ƙarfe 9:00 a agogon gida. Da isarsa ya tarar agogon ofis yana nuna 9:25. Ya tsaya gaisuwa, ya baro wurin 9:30 a agogon ofis. Ya dawo gida agogon gida yana nuna 9:45. Tafiyar duka ta ci minti 45, a cire minti 5 na tsayuwa, saura 40 a kan hanya. Idan zuwa da dawowa daidai suke, kowanne minti 20 ne. Ke nan ya isa ofis 9:20 a agogon gida, alhali na ofis yana nuna 9:25. An gano agogon gida yana baya da minti 5, ba tare da an haɗa agogunan biyu wuri ɗaya ba.

Idan aka kira lokutan nan L1 da L2 da L3 da L4 bi da bi, lissafin shi ne:

(11) Jinkiri = (L4 − L1) − (L3 − L2)
(12) Saɓani = [(L2 − L1) + (L3 − L4)] ÷ 2

Ga misali da irin adadin da na'ura take gani:

(13) L1 = 10:00:00.000, L2 = 10:00:03.080, L3 = 10:00:03.082, L4 = 10:00:00.162
(14) Jinkiri = 0.162 − 0.002 = 0.160
(15) Saɓani = (3.080 + 2.920) ÷ 2 = 3.000

Agogon gida yana baya da daƙiƙa 3. Sai dai lissafin ya ginu a kan zaton cewa zuwa da dawowa daidai suke. Duk wanda ya san hanyar Nyanya da safe ya san mai shiga gari da mai fita ba sa ɗaukar lokaci ɗaya. Haka hanyoyin intanet suke a wasu lokuta. Abin da ake da tabbaci a kai shi ne kuskuren ba zai wuce rabin jinkirin ba, wato 0.080 a misalin da ke sama. Wannan ne ya sa na'ura ta kusa ta fi ta nesa amfani. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashi. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta haɗa Fotugal da Legas a 2010, tana da tsawon kilomita 7,000. Zuwa da dawowa a kanta kaɗai sai ya ci daƙiƙa 0.070, ban da tazarar Abuja zuwa Legas da tsaye-tsayen hanya.

4.5 Abubuwan kiyayewa

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, amma a wannan fage sai ya san wanda ya tambaya. Kafin a karɓi amsa, ya kamata a tabbatar cewa lokacin da aka maido a bayit na 24 zuwa 31 shi ne wanda aka aika, kuma gurbin gargaɗi bai nuna 3 ba, domin 3 tana nufin agogon mai amsawa bai daidaita ba. Idan lambar hawa ta zo sifili, to, saƙon kora ne, ana cewa a rage tambaya ko a daina. Cikakkun manhajoji irin su ntpd da chrony suna tambayar na'urori da dama, su watsar da wadda ta saɓa wa sauran. Idan saɓanin kaɗan ne, ba sa tsallakar da agogo gaba ko baya, sai dai su ƙara masa sauri ko su rage har ya daidaita, don kada abin da ya faru daga baya ya sami hatimin da ya riga na farko. Saboda haka, ga na'urar da za ta daɗe tana aiki, ya fi dacewa a bar irin waɗannan manhajoji su kula da agogo, ita kuwa manhajar mutum ta karanta daga gare shi.

Akwai kuma ladabin tambaya. Bisa al'ada ntpd yana barin daƙiƙa 64 zuwa 1,024 tsakanin tambaya da tambaya. A 2003 wasu na'urorin rarraba intanet na kamfanin Netgear, waɗanda aka rubuta adireshin na'urar lokaci ta Jami'ar Wiskonsin a cikinsu, sun yi wa jami'ar ambaliyar tambayoyi, har lamarin ya zama darasi ga masu rubuta manhaja. Ta fuskar tsaro, saƙon NTP na asali a buɗe yake, mai mugun nufi yana iya sauya shi a hanya, abin da ya sa aka fito da ƙarin kariya mai suna NTS a 2020.

Sauran matsaloli biyu na ƙidaya ne. Bit 32 ba sa ɗaukar abin da ya kai 4,294,967,296, saboda haka ƙidayar NTP za ta cika ta koma sifili a 7 ga Fabrairu 2036, kuma manhajar da ba a shirya mata ba za ta ɗauka an koma 1900. Haka kuma, da yake juyin duniya ba ya tafiya daidai da agogon zarra, an ƙara daƙiƙa guda a UTC har sau 27 daga 1972, ta ƙarshe a 31 ga Disamba 2016. A 2022 babban taron awo na duniya ya yanke shawarar a daina wannan ƙari nan da 2035.

Ga Nijeriya akwai wani darasi na daban. A 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama, ciki har da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin intanet da na bankuna suka sami cikas. Ma'aikatar da duk agogunanta suke dogaro da na'urorin ƙetare tana cikin haɗarin rasa madogara a irin wannan rana. Na'urar hawa na 1 mai karɓa daga GPS, wadda aka ajiye a cikin gida, tana maganin nisa da yankewar hanya gaba ɗaya.

5.0 Daga Lamba Zuwa Hausa

Amsar NTP ba ta ɗauke da sunan ƙasa ko na gari, UTC ce kawai. Manhaja ce take ƙara sa'a guda, ta hanyar duba kundin yankunan lokaci na duniya, inda aka shigar da Nijeriya baki ɗaya ƙarƙashin sunan Africa/Lagos. Babu shigarwa ta daban don Abuja ko Kano. Daga nan matsalolin harshe suke farawa, kuma uku daga cikinsu sun fi fitowa fili.

Ta farko ita ce "daƙiƙa". A Larabci kalmar tana nufin kashi ɗaya cikin sittin na sa'a, wato minti. A Hausar kafofin watsa labarai kuwa an fi amfani da ita a ma'anar sakan, ko da yake ana samun masu amfani da ita a ma'anarta ta Larabci. A hira wannan ba ya cutarwa. A rubutun da ake maganar saɓanin "daƙiƙa 30" kuwa, bambancin ninki sittin ne. A wannan maƙala an tsayar da ita a kan sakan, kuma ya kamata duk marubucin kimiyya ya bayyana matsayinsa tun farko.

Ta biyu ita ce rabon yini. Ingilishi yana raba sa'a 24 gida biyu, kafin tsakar rana da bayanta. Hausa kuwa tana cewa ƙarfe biyar na asuba, tara na safe, biyu na rana, biyar na yamma, tara na dare. Fassarar da ta tsaya a kan "safiya" da "yamma" kaɗai takan haifar da "ƙarfe ɗaya na safiya" a inda Bahaushe zai ce "ƙarfe ɗayan dare". Kundin CLDR na ƙungiyar Unicode, wanda manhajoji da yawa suke ɗebo sunayen ranaku da watanni daga cikinsa, yana da bayanan Hausar Nijeriya da Nijar da Gana, kuma tsarinsa ya ba da damar a raba yini fiye da gida biyu. Tsayar da iyakokin asuba da safe da rana da yamma da dare aiki ne da ya dace masana Hausa su sa hannu a cikinsa.

Ta uku ita ce mafarin rana. A al'adar Hausawa dare yana rigan yininsa, shi ya sa "daren Juma'a" yake nufin daren da ke biyo bayan yinin Alhamis. A agogon hukuma rana tana sauyawa ƙarfe goma sha biyu na dare, a UTC kuma sai ƙarfe ɗaya na dare a agogon Nijeriya. Abin da ya faru ƙarfe 12:30 na dare a Abuja ranar 1 ga wata, a kundin na'ura yana iya fitowa 11:30 na daren ranar ƙarshe ta watan da ya gabata. Mai fassara rahoton na'ura a kotu ko a jarida yana buƙatar ya faɗi kwanan wata da agogon da aka bi.

Dangane da keɓaɓɓun kalmomi, an yi amfani da waɗannan a maƙalar, ana kuma gabatar da su don masana su duba:

(16) ƙunshi: saƙo guda da ake aikawa a dunƙule
(17) ƙofa: lambar da ke nuna aikin da saƙo ya zo nema
(18) hawa: nisan na'ura daga agogon asali
(19) hatimin lokaci: lambar da ke nuna sa'ar faruwar abu
(20) jinkiri: tsawon zaman saƙo a hanya
(21) saɓani: bambancin agogo biyu
(22) zamewa: kaucewar agogo sannu a hankali
(23) mafarin ƙidaya: ranar da aka ɗauka a matsayin sifili

Ita na'urar da ake tambaya, wasu masu fassara suna ce mata "saba", wasu "uwar garke". Ta farko ta yi karo da aikatau "saba" a rubutun da ba a nuna karin sauti, ta biyu kuma ta fi dacewa da na'urar da take jagorancin wasu. A fagen lokaci, inda na'ura guda take zama mai tambaya ga na sama da ita, mai amsawa ga na ƙasa, "mai tambaya" da "mai amsawa" sun fi bayyana aikin.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa samun lokaci daga intanet ya ƙunshi aika ƙunshi mai bayit 48, da tara lokuta huɗu, da cire jinkirin hanya, da mayar da ƙidayar 1900 zuwa kwanan wata, sannan a ƙara sa'a guda don agogon Nijeriya. An kuma nuna cewa matakin ƙarshe, wato furta sakamakon da Hausa, yana da nasa matsalolin da injiniya kaɗai ba zai warware ba. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya samar da kalmomin nazarin harshe da adabi. Hukumar NERDC da ke Sheda a yankin Abuja, da hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa, da sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i suna da damar yin irin wannan aiki ga fannin kwamfuta. Wuri mafi sauƙin farawa shi ne a tsayar da ma'anar "daƙiƙa" da iyakokin sassan yini, domin waɗannan su ne kalmomin da mai waya yake gani a fuskar wayarsa kowace rana.